Lobsta, Cuku da Taliya 'Yar Murji: Zare Kan Abincin da Muke Rainawa

1/ Jama'a ku matso kusa. Yau zaren tarihi ne, amma tukunya ce ta jawo shi. Da Babbar Sallar da ta wuce na je gida Shanono, ko jaka ban ajiye ba autarmu ta tare ni da waya: "Yaya, wallahi wannan za mu dafa bana." Na duba. Bidiyon TikTok ne, wata Ba'amurkiya ta fito da makaroni daga obin, cuku yana dalala, ga jan naman lobsta a sama. 🧵

2/ Na ce, "Auta, lobsta a Shanono? Daga nan zuwa bakin teku sai kin yi tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota fa." Ta ce ita dai ta gaji da abincin ƙauye. Tana faɗa tana nuna igiyar tsakar gida, inda Inna ta shanya taliyar da ta murza da safe. Inna ta ji. Ba ta ce komai ba, ta ci gaba da juya injinta.

3/ Maganar ta tsaya min a rai. Da wannan injin taliyar aka biya min kuɗin jarrabawar gama sakandare. Da shi aka sayi littattafan ita kanta Autar. Sai na ce bari in bi diddigin abubuwa ukun da ke cikin bidiyon nan: taliya, cuku, lobsta. Abin da na tarar shi zan ba ku. Ku yi haƙuri, zaren da ɗan tsawo.

4/ Mu fara da lobsta, tunda shi ne mai tsadar. Wanda bai san shi ba, ya ɗauki jatan lande ya ƙara masa girma har ya kai tsawon damtse, ya sa masa hannuwa irin na kunama. A teku yake rayuwa. Kafin wani ya tambaya: a mazhabar Malikiyya da muke bi, dabbobin ruwa halal ne. Hanafiyya ce ta taƙaita kan kifi.

5/ Yau a gidajen abinci na Amurka da Turai, lobsta na masu kuɗi ne. Amma a shekarun 1600 da 1700, a gaɓar arewa maso gabashin Amurka, ya yi yawan da teku kan watso shi tsibi-tsibi bakin gaɓa. Har taki ake yi da shi a gona, ana sa shi a ƙugiya don kama kifi. Talaka ne ke cinsa, don ba shi da kuɗin nama.

6/ Me ya canza? A shekarun 1840 aka fara zuba shi a gwangwani a jihar Maine. Sai jirgin ƙasa ya zo, ya kai shi garuruwan da ba su taɓa ganin teku ba, inda ba wanda ya san abincin talaka ne. Masu yawon shaƙatawa suka so shi, buƙata ta ƙaru, kuɗinsa ya hau. Ɗanɗanonsa yana nan yadda yake tun asali. Mutanen da ke cinsa ne suka canza.

7/ Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Yanzu taliya. Akwai labarin da ake yawan bayarwa, wai Marco Polo ne ya kai wa Italiya taliya daga China. Ba haka ba ne. Marco Polo ya koma gida a 1295. Amma tun 1279 akwai takardar gado a birnin Genoa da ta lissafa kwando cike da makaroni cikin kayan wani mamaci.

8/ Kafin nan ma, a 1154, masanin ƙasa Al-Idrisi ya kammala littafinsa Nuzhatul Mushtaq a fadar Sarki Roger na Biyu a tsibirin Sisili. A ciki ya ba da labarin wani gari mai suna Trabia kusa da Palermo, inda ake yin abincin fulawa mai kamar zare, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Sunan abincin da Larabci: itriya.

9/ Sisili ta zauna a hannun Musulmi fiye da shekara 200, daga shigarsu a 827 har zuwa 1091. Kuma a wannan littafin dai Al-Idrisi ya yi bayanin daulolin Gana da Kanem. Wato tun lokacin, duniyar da ake busar da taliya a cikinta da duniyar kakanninmu suna haɗe. Raƙumi ne ya haɗa su.

10/ Hikimar busar da taliya ita ce tafiya. Burodi kwana kaɗan ya yi fumfuna. Gari yakan yi ƙwari. Amma in ka kwaɓa, ka ja shi siriri, ka shanya ya bushe ƙarau, sai ya yi watanni. Guzurin matuƙin jirgin ruwa ne da madugu. Dabarar da ta ba mu kilishi da dakuwa, ita ce ta ba su itriya.

11/ Toh, ya aka yi ta iso Kano? Ku saurari sunayen abincinmu na alkama da kunnen basira. Alkama: al-ƙamh. Alkubus: al-khubz, wato burodi. Alkaki: al-ka'ak. Gurasa: ƙursa, abu mai faɗi zagayayye. Duk Larabci ne da harshen Bahaushe ya lanƙwasa. In ka ga dangi guda na abinci duk da sunan baƙo, ka san baƙon ne ya zo da girkin.

12/ Baƙin kuwa an san su. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi kuma ya karɓi Shehu Al-Maghili, Larabawan arewacin Afirka ke zama a Kano. Daga baya fataken Gadamas da Tarabulus suka yi kaka-gida. Suna kawo alharini, takarda, turare, su koma da fatu, hauren giwa, gashin jimina, da bayi. E, da bayi. Tarihi ba ya son ɓoye-ɓoye.

13/ Har yau sawunsu na nan cikin birni. Unguwar Alfindiki daga funduƙ take, wato masaukin fatake. Dandalin Turawa kuwa ba don Ingilishi aka sa masa suna ba. A tsohuwar Hausa, Turawa na nufin Larabawan nan farare. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da su suna juya babban ciniki tsakanin Kano da Tarabulus.

14/ Waɗannan fatake sukan yi shekaru ba su koma gida ba. Sun auri matan gari, suna da barori da kuyangi. Mutum kuwa duk inda ya je, cikinsa na tuna gida. A madafan gidajensu aka koyi sarrafa alkama, daga nan girkin ya shiga fada da gidajen attajirai, sannan ya gangaro kasuwa. Hannun matan da ba a rubuta sunansu ba ne ya ɗauko shi daga wannan gida zuwa wancan.

15/ Sunan "taliya" fa? Ra'ayi biyu ake ji. Wasu sun ce itriya ce ta rikiɗe. Wasu sun ce daga Italiya ne, don mutanen Libiya "Ɗalyan" suke kiran Italiyawa, kuma Tarabulus ta daɗe tana ciniki da garuruwan Italiya kafin mamayar 1911. Ko wanne ka ɗauka, hanyar dai ta Tarabulus ce, ta ratso Sahara.

16/ Ga abin da zai ba Auta mamaki. A wancan zamani alkama kaɗan ake nomawa a ƙasar Hausa. Ba ta son zafin damina, sai sanyin hunturu, a fadama, ana ban ruwa da jigo guga-guga. Wahalarta ta sa ta yi tsada. Don haka alkaki na gara ne da biki, alkubus na manyan baƙi, taliya ta gidan masu hali. Talaka yana kan gero da dawa.

17/ Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce tana budurwa a Shanono ba ta taɓa cin taliya ba sai da aka kai ta biki birni. Ta ce da hannu aka murza, siriri-siriri, mata sun kwana suna yi. Da ta dawo, ƙawayenta suka kewaye ta tana ba su labari. Wato a zamaninta, taliyar da ke kan igiyar Inna ita ce lobstan bidiyo.

18/ Shekarar 1911 ta juya komai. A shekarar Italiya ta kai wa Tarabulus hari, a shekarar kuma layin dogo ya iso Kano daga kudu. Ayarin Sahara, wanda dama ya fara rauni, ya durƙushe. Kano ta juya wa hamada baya ta fuskanci teku. Kwarori suka zo suka kafa kantuna, har wurin ya samu suna Kantin Kwari. Fulawar buhu ta fara shigowa ta jirgi.

19/ A 1960 aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, a 1962 injinsa na Apapa ya fara niƙa alkamar da ake kawowa daga waje. A shekarun 1970 aka buɗe reshen arewa a Bompai, Kano. Kuɗin fetur ya shigo, burodi ya zama karin kumallon ma'aikaci. Fulawa ta yi araha har ta kai shagunan ƙauye irin namu.

20/ Sai ƙaramin injin hannu. Wannan da ake ɗaurewa a benci ana juya mariƙinsa, samfurinsa na Italiya ne. Kamfanoni irin su Marcato da Imperia sun fara ƙera shi a farkon shekarun 1930. Da ire-irensa masu araha suka cika kasuwanninmu, aikin da mata goma kan kwana suna yi ya zama na mace ɗaya da hantsi.

21/ Fulawa mai araha da inji mai araha: a nan taliya 'yar murji ta zama sana'ar matan aure. Ba sai kin fita ba. Ki kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, ki bar ta ta huta, ki murza ta yi faɗi, ki mayar a yanka, ki rataya a igiya. Ki dafa, a zuba mai da yaji, wani lokaci da wake. Yara su kai ƙofar makaranta, ko a saya a gida.

22/ Ku zagaya Shanono, Faruruwa, Kokiya, Leni, Alajawa. Da wuya ka ratsa unguwa ba ka ji ƙarar injin nan ba. Kuɗin adashi daga nan yake fita, da kayan ɗakin 'ya, da maganin zazzaɓi. Ba wanda ya taɓa ba su bashin banki. Jarinsu kwanon fulawa ne da igiya.

23/ Taliyar ma ba ta tsaya a nan ba. Je ka Accra ko Kumasi ka sayi waakye, wato shinkafa da wake da Hausawan zango suka yaɗa, sunan ma daga "wake" yake. Mai sayarwa za ta tambaye ka ko a sa maka "talia". Kalmar da ta ratso Sahara a kan raƙumi ta bi fataken goro har bakin teku.

24/ Amma akwai ƙaya a cikin labarin. Mun koyi cin alkama fiye da yadda muke iya nomawa. Gwamnatoci sun gwada. Audu Bako ya gina madatsar Tiga, aka kammala a 1974, aka buɗe filayen Kadawa. Kusa da mu ga madatsar Watari a Bagwai. A Barno aka yi babban shirin ban ruwa na kudancin Tafkin Chadi, tafkin ya ja baya ya bar magudanan a bushe.

25/ Mafi ɗaci shi ne Bakolori, kusa da Talata Mafara. Wani kamfanin Italiya, Impresit, shi ya gina madatsar a shekarun 1970, alkama na cikin abin da aka yi burin nomawa. An tashi manoma daga gonakinsu, rigimar diyya ta ƙi ƙarewa. Suka tare hanyoyi. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta, aka kashe manoma da dama.

26/ A 1985 wasu masana biyu, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka fitar da littafi kan Najeriya mai suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama. Hujjarsu: ƙasar ta saba da abincin da yanayinta ba ya bayarwa da sauƙi, ga shi noma shi a gida ya fi sayo shi tsada. In ka saya ka ƙarar da kuɗin waje, in ka noma ka yi asara.

27/ A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama gaba ɗaya. Manoman Kano suka duƙufa, noman ya ƙaru, amma bai kusa isa ba. Burodi ya yi tsada, fasa-ƙwauri ya bunƙasa ta kan iyakoki. A 1992 aka ɗage haramcin. Har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da muke ci daga waje take zuwa.

28/ Shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, sannan aka saki darajar naira a Yunin 2023, Inna ta ji a jikinta a Shanono. Kwanon fulawa ya yi tashin gwauron zabi. Ta rage girman ƙulli, masu saye suka yi ƙorafi. Maƙwabtanmu biyu sun naɗe injinsu sun ajiye. Matar da ba ta taɓa ganin teku ba, jirgin ruwa ke yanke mata riba.

29/ A gefe guda ga taliyar kamfani: Golden Penny da sauransu, ga Indomie da aka fara yi a Ota a tsakiyar shekarun 1990. Suna da talla a rediyo da talabijin, suna da leda mai ƙyalli. A hankali yara suka fara ganin ta leda ita ce wayewa, ta igiya kuwa ta marasa hali. Alhali duk alkamar jirgi ɗaya ce.

30/ Saura cuku. Nan ma Auta ta ɗauka sai an je babban kanti a Kano an sayo na leda. Kalmar cuku fa tamu ce, muna da abinmu. Buzaye da Fulanin Nijar sun daɗe suna yin sa: a daskarar da madara da ɗan abin da ake samu a tumbin ɗan akuya mai shan nono, a shimfiɗa a tabarmar kara, a shanya ya bushe fale-fale.

31/ Wanda ya taɓa zuwa Tawa, Abalak ko Maraɗi ya san shi. Ana ci da shayi, ana daka shi cikin fura. Dalilin yin sa ɗaya ne da na taliya: da damina nono ya yi yawa, da rani babu, sai a busar a ajiye. Akwai kuma wara, ɗanyen cukun Fulani da ake daskarar da shi da ruwan tumfafiya. Awarar waken suya da muke ci, sunan can ta aro.

32/ To wa ya fara haɗa taliya da cuku ya gasa? Littattafan girki na Italiya da Ingila sun kawo shi tun ƙarni na 14. A Naples ta ƙarni na 17 da 18, makaroni abincin talakan titi ne: a shanya a kan sanduna a bakin hanya, a dafa, a barbaɗa cuku, a ci da hannu a tsaye. Kun ga bambanci da ƙofar makarantar firamare a Shanono? Su cuku, mu yaji.

33/ Yadda ya shiga Amurka ya fi taɓa ni. A 1784 Thomas Jefferson ya tafi Faris aikin jakadanci, ya tafi da bawansa James Hemings, saurayi ɗan shekara 19, don ya koyi girkin Faransa. Hemings ya ƙware har ya zama shugaban madafar gidan. Suka dawo a 1789. Makaroni da cuku na cikin girke-girken da suka shahara a teburin Jefferson.

34/ Hemings ya nemi 'yanci. Jefferson ya gindaya masa sharaɗi: sai ya koya wa wani girkin tukuna. Ya koya wa ƙaninsa Peter, aka 'yanta shi a 1796. Ya rasu a 1801 yana da shekara 36. A 1802, Jefferson yana shugaban ƙasa, aka kawo wa baƙi gasasshen makaroni a fadarsa. Shekaru aru-aru sunan maigida ake ambata, an manta mai riƙe da ludayi.

35/ Daga hannun bayi masu girki abincin ya shiga gidajen baƙar fatar Amurka, ya zama na taron dangi da bukukuwa har yau. A 1937 kuma, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, kamfanin Kraft ya fito da shi a kwali kan santi 19, wai ya ciyar da mutum huɗu. Ya zama abincin ɗalibi da mai ƙaramin albashi. Indomie ɗinsu kenan.

36/ Yanzu ku haɗa lissafin. Makaronin talakan Naples, girkin bawa, kwalin santi 19, da ƙwaron teku da aka taɓa yin taki da shi. Aka haɗa su a faranti ɗaya, aka haska da fitilar kyamara, sai ga yarinya a Shanono tana jin kunyar igiyar uwarta. Da na gama ba Auta labarin nan ta yi shiru, can ta ce, "To Yaya, mu gwada da namu mana."

37/ Ga yadda muka yi, ga mai son gwadawa. Taliyar Inna muka karya gajeru-gajeru. A madadin lobsta, busasshen jatan lande, irin wanda ake kawowa daga Oron ana sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Na taho da shi daga Kano. Cuku kuwa wajen wani Buzu mai shayi na samo, muka daka shi ya yi gari.

38/ Aka tafasa taliyar rabin dahuwa, aka tsane. Kar ku bari ta nuna sosai, 'yar murji ba ta da juriyar ta kamfani, za ta dame a wuta ta biyu. A wata tukunyar aka narka man shanu cokali uku, aka zuba fulawa cokali uku, ana juyawa har ƙamshin ɗanyen gari ya tafi. Sai madara kofi uku, kaɗan-kaɗan, ana juyawa kar ta yi gudaji.

39/ Da ta yi kauri kamar kunu, aka sauke, aka zuba garin cuku, dakakken jatan lande, albasa da aka soya, tafarnuwa, masoro, ɗan attaruhu da gishiri. Gargaɗi: cukunmu busasshe ne, ba ya narkewa ya yi zare irin na bidiyo. Ɗanɗano yake bayarwa. In kuna son dalalar nan, sai kun ƙara da na kanti.

40/ Obin fa? Babu, wutar ma sai ta ga dama. Inna ce ta yi dariya ta ce, "Ku ba ni wuri." Ta zuba yashi a gindin babbar tukunya, ta ɗora a murhu ya yi zafi, ta sa kwanon a kai, ta barbaɗa garin busasshiyar gurasa, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin. Haka take gasa kek ɗin biki tun kafin a haife mu.

41/ Karon farko gindin ya ƙone, don ni na cika wuta, na yarda laifina ne. Karo na biyu bayan kamar minti 25 saman ya yi ja, ƙamshi ya cika gidan har maƙwabta suka leƙo. Baba ya ɗanɗana ya ce da daɗi, amma a ƙaro yaji. Inna ta ce madarar ta yi yawa, ba za a ci riba ba in sayarwa za a yi. Auta ta cinye nata ta kankare kwanon.

42/ Ban ce kar a so abincin wasu ba. Ai taliyar kanta baƙuwa ce, kakanninmu suka karɓa suka mayar tasu, suka haɗa ta da man gyaɗa da yaji. Ku gwada duk abin da kuka gani, in aljihu ya ba da dama ku ci lobstan ma. Abin da nake roƙo kawai, kar kallon waya ya sa mu raina hannun da ya ciyar da mu.

43/ In kuna son taimakawa a aikace: ku sayi ta unguwa, ku biya ba tare da ja-in-ja kan naira hamsin ba. Masu iya talla a intanet, ku ɗauki hoton ta iyayenku da kyau, ku samo leda mai tsafta, ku sa suna da lambar waya. Masu karatun noma, irin alkama mai jure zafi da haɗa fulawa da garin dawa ko rogo aiki ne da ke jiranku.

44/ Sannan ku tambayi tsofaffinku tun suna raye. Yaushe suka fara cin taliya? Wa ya kawo injin farko garinku? Da me ake ci kafin zuwan manja? Sunan Hemings ya tsira ne don an rubuta. Na matan da suka koya wa Kano murza alkama ya tafi. Kar na iyayenmu ya bi su.

45/ Ranar da zan dawo, na fito da asuba na tarar da Auta a kan benci tana juya mariƙin, Inna na tara hannu tana karɓar zaren. Ta jingine wayarta a jikin turmi tana ɗaukar bidiyo. Ta ce, "Yaya, ka tura min sunan garin nan na Sisili, zan sa a rubutun."

46/ Trabia ne, Auta. Ku kuma a garinku me kuke kiranta, 'yar murji ko taliyar Hausa? Da mai da yaji kuke ci ko da miya? Mutanen Maraɗi, Damagaram da zangon Kumasi, ina jiran naku labarin a ƙasa.